Ranar da Guduma Ya Sauko Daga Bakin Taga

Wata a cikinku ta rubuto a ƙasan kashin labarin nan da ya wuce ta ce, "Baba Preben, kai fa tsohon ɓarawo ne." Ban goge ba. Na karanta ina shan kofi, na ce a raina, yarinya, ba ki ga komai ba tukuna. To, ga sauran.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Preben, na kusa saba'in, a Esbjerg aka haife ni, nan bakin teku. Ina ɗan sha huɗu na bar makaranta, ita ma ba ta yi kewata ba. Na yi girki a jirgin ruwan da ke kai mutane Ingila, da ƙafafuna suka gaji na buɗe shagon kayan gwanjo. Gwanjo ne ya koya mini karatun fuska. Mutum zai shigo ya ce kujerar nan ba ta yi masa ba, ni kuwa na ga yadda yatsansa ya shafa hannunta, na san ya riga ya saya. Da wannan nake taƙama. Ku riƙe maganar, za ku yi mini dariya da ita nan gaba.

A jirgin ne wani ɗan Ingila ya bar mini littafin wani wasa. Turancina na kicin ne, rabin dokokin ban gane ba, sai na ƙirƙiri nawa. Tun daga nan, sama da shekara arba'in, duk ranar Alhamis bayan abincin rana muna zaune a teburin kicin ɗina. Kowa da mutuminsa a cikin labari, ɗan mutum-mutumi na darma wanda bai kai babban yatsa ba. Ni ne mai riƙe labarin. Ni ne hanya, ni ne ruwan sama, ni ne dodo. Idan abu ya zo na sa'a sai a jefa ƙwaya, irin ta ludo, sai dai tamu fuska ashirin gare ta. Su a fili suke jefa tasu. Ni a bayan wani kwali nake jefa tawa, abin da na ce ta nuna kuwa shi ke nan. Ba wanda ya taɓa cewa in ɗaga kwalin ya gani.

Aksel, tsohon direban bas, shi ke da boka mai suna Toka. Ya samo sunan ne don tsafinsa na farko gemunsa ya ƙone. Viggo mai walda, aminina, shi ke da Guduma, wani wada mai ƙaton gatari da ƙaramin baki. Bodil, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ita ke da Hankaka, ɓarauniyar da ta taɓa sace kambin wani sarki ta mayar masa washegari don bai dace da gashinta ba.

Viggo ba mai magana ba ne. Za ka yi tafiyar awa guda da shi a mota, abin da za ka samu shi ne "Hmm" biyu da "Ga kwana." Da ya so Bodil, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Wata Alhamis, muna tsakiyar labarin Tsibirin Gishiri, an ɗaure su a kurkukun 'yan fashin teku, sai kawai ya tura ɗan darmarsa kusa da nata ya ce, idonsa a kan tebur, "Guduma ya ce in an fita daga nan yana so ya aure ta."

Bodil ta ce, "Guduma ne ya ce, ko mai shi?"

"Hmm," in ji Viggo.

Ni na ɗaura musu auren a cikin labari, kafin coci ta ɗaura nata. Ni na fito musu da wata, ni na sa teku ta kwanta, har jakin Toka na sa masa fure a kunne. Ba wanda ya lura cewa mai riƙe labarin bai ci kek ba ranar. Na so Bodil tun kafin Viggo ya san launin idonta. Amma shi ya riga ni tura ɗan darmarsa, ni kuwa ba ni da ɗan darma. Mai riƙe labari kowa ne shi, amma ba shi da mutumin kansa.

Muna da doka ɗaya da ba a littafi na samo ta ba. Wanda ba ya nan, ba a taɓa nasa. A ɗora ɗan darmarsa a bakin taga, a ce yana Masaukin Gurguwar Akuya yana hutawa. Ba ya mutuwa, ba ya magana, ba mai ara masa baki. Da abokinmu Kaj ya tafi aikin haƙar mai a Norway, maharbinsa ya yi shekaru a tagar nan yana kallon titi, ya dawo ya same shi yadda ya bar shi. Daga baya ne ya bar wasan, ya tafi da abinsa.

Bara, farkon bazara, zuciyar Viggo ta tsaya yana gyaran kekensa. Bayan an binne shi, Aksel da kansa ya ɗauki Guduma ya ajiye shi a bakin taga, tsakanin tukunyar fure da kyandir. Muka ci gaba da wasa mu uku, kujera ɗaya ba kowa.

Wata safiya ina yanka baƙin burodi, wayata ta yi ƙara. Bodil ce.

"Preben, me yake yi a masaukin?"

Na san amsar da ta dace: ba a ara masa baki. Na ajiye wuƙar, na goge hannu, na rubuta: "Yana gunaguni. Ya ce miyarsu ba gishiri."

Ta aiko da fuskokin dariya guda uku. Sannan ta rubuta, "Shi ne wallahi. Na gode." Wannan ce dariyarta ta farko tun jana'iza, ko da a waya ce. Na ce wa kaina taimako nake yi.

Daga nan kullum. Da safe ta tambaya, in amsa. "Ya ce ki sa hula, iska ta juya." "Ya ce kada ki hau tsani ke kaɗai." Irin maganar Viggo ce, gajera, ba ado. Sai a hankali na fara zuba nawa a ciki, kamar yadda ake ƙara ruwa a miya kada masu ci su gane. Wata rana na rubuta, "Ya ce in kika yi dariya, kamar an kunna fitila ne a ɗaki." Na tura kafin in yi tunani. Na ga alamar ta karanta. Na wanke kwanon da na riga na wanke. Can ta amso: "Gaya masa na ji."

'Yata Signe, wadda ke zaune a Aarhus da mijinta da yara biyu, ita ta kama ni. Ta zo ziyara, wayar tana kan tebur, saƙo ya shigo a gabanta. Sai da ta koma gida sannan ta kira.

"Baba, kai ne ɗan aiken mamaci, ko shi ne naka?"

"Wasa ne, Signe."

"Wasa? Ka sayi sabuwar riga, ka fara aske gemu ranar Laraba. Ni za ka yi wa ciniki? A shagonka na girma fa."

"Ki yi magana a hankali."

"Ba zan yi ba. Ka ji ni da kyau. Na samo maka ɗaki kusa da mu, a ƙasa, ba hawa bene. Ko ka gaya wa matar nan da bakinka, da sunanka, ko ka tattara ka dawo nan kafin sanyi ya shigo. Ba zan bar ka kai kaɗai a gidan nan kana soyayya da bakin Kawu Viggo ba. Abin kunya ne, Baba."

Gaskiya ta faɗa. Da na ɗauki shawararta yadda ta ba ni, da yau ba wannan nake rubutawa ba. Amma kan ɗan gwanjo ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Na zauna na yi lissafi: muddin Guduma yana masauki, da shi Bodil take magana, ba da ni ba. A masauki kuwa ba a mutuwa. Dole ya sauko. Kuma ba ni zan sauko da shi ba, ita za ta yi, tana ganin ra'ayinta ne. Haka ake sayar da kujera.

Ranar Talata na rubuta mata, "Ya ce ya gaji da zaman masauki. Gatarinsa ya fara tsatsa."

Ranar Laraba na zana gada a taswirar wasanmu. Siririya, a kan rami marar ƙasa, da dodo a tsakiyarta.

Alhamis ta zo da ruwan sama irin namu, wanda ke zuwa a kwance daga teku. Na shimfiɗa taswira, na sauko da fitilar da ke rataye a kan tebur, na cika fulas da kofi. Aksel ya fara shigowa yana tari, ya dubi rigata mai ruwan bula, ya yi fito.

"Kai, tsohon banza! Wa ya mutu ka ci gadon riga?"

Bai san Bodil tana bayansa ba. Ta jingina kekenta, tana cire rigar ruwanta mai ruwan ɗorawa. Aksel ya yi tsuru-tsuru, kunnuwansa suka yi ja.

"Bodil, ban..."

"Matsa mini, Aksel, kek ɗin zai jiƙe. Wannan tumbin ba zai shiga rigar Viggo ba, kowa ya sani."

Ta sa koriyar rigar sanyin da ta saƙa da kanta, mai maɓallan katako. Furfurarta a ɗaure a baya. A kunnenta kuwa 'yan kunne na azurfa, ƙanana, waɗanda ban ƙara gani ba tun ranar jana'iza. Na gan su, na ce a raina, don Guduma ta sa. Mai karatun fuska ke nan.

Ta ajiye kek ɗin kirfa a kan tebur. Ba ta zauna ba. Ta wuce kai tsaye bakin taga, ta ɗauki ɗan darmar, ta hure ƙurar da ke kansa.

"Bodil," in ji Aksel. "Mayar da shi."

"Ya gaji da zama."

"Wa ya gaya miki? Doka ce fa. Kaj ya yi shekara nawa, ba wanda ya taɓa nasa."

"Kaj ya dawo, Aksel. Wannan kuwa ba mai dawowa ya ɗauke shi."

Aksel ya juyo gare ni. "Kai ne mai labari. Yi magana mana."

Na ɗaga kafaɗa kamar abin ya zo mini ba shiri. "Matarsa ce. In ta ce ya sauko, ni wane ne?"

Ya dube ni, ya dube ta, ya ja kujera ya zauna yana gunaguni. Bodil ta ajiye Guduma kusa da Hankaka, kafaɗa da kafaɗa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, awar farko ta yi daɗi har na manta da gadar. Muka koma kamar da. Aksel ya tuna ranar da Guduma ya sayar da jakin Toka ya sayi giya, ya ce har yau yana bin sa jaki. Bodil ta tuna yadda Viggo yake hura wa ƙwaya iska kafin ya jefa, kamar mai shan shayi da zafi, ta kwaikwaye shi, ƙwayar ta faɗa cikin kofin Aksel. Muka yi dariya har da hawaye. Na ce a raina, Preben, naɗe taswirar nan, ka ce hanya ta bi ta daji. Ba wanda zai sani.

Ban naɗe ba. Na kai su gada.

Dodon ya fito daga hazo. Toka ya yi tsafi, kamar kullum ya ƙone abin da ba a sa shi ba. Hankaka ta zame, ta rataye da hannu ɗaya a bakin gadar. Bodil ba ta yi wata-wata ba, ta tura Guduma gaba, tsakanin dodon da Hankaka.

"Nan zai tsaya," ta ce. "Nan yake tsayawa kullum."

Na bayyana musu a fili: dodon zai kai duka. In ƙwayata ta nuna goma ko sama, ya same shi, kuma gadar ba ta da faɗin da mutum zai faɗi ya tashi. In ƙasa da goma, ya kuskure.

Na jefa a bayan kwali. Ta yi birgima, ta bugi fulas, ta tsaya.

Uku.

Ya kuskure. Guduma ya tsira. Ko a mace Viggo ya fi ni sa'a.

Kofina ba komai a ciki. Na kife shi a kan ƙwayar a hankali, yadda ba zai yi ƙara ba. Na ɗago kai. Su biyun suna kallona, kyandir yana rawa a bakin taga inda ɗan darmar ya bar da'ira a cikin ƙura.

"Sha bakwai," na ce.

Ruwa yana dukan gilashi. Na ji bakina yana ci gaba da aikinsa, yana ba da labarin yadda gatarin ya kuɓuce, yadda wadan ya rungumi dodon suka tafi ramin tare. Na iya ba da labari, wannan kam ba a ƙwace mini ba.

A al'adarmu wanda mutuminsa ya mutu shi ke yi masa maganar ƙarshe. Aksel ya share hanci ya ce, "To wa zai yi masa?"

Na buɗe baki. Na ma shirya kalmomin tun Laraba: ya ce ki ci gaba da rayuwa, kada ki zauna ke kaɗai.

"Ba wanda zai yi," in ji Bodil. "Ba ya magana. An yi masa magana ta isa."

Ta sa yatsa ta kwantar da ɗan darmar a gefensa.

Aksel ya tashi, ya sa rigarsa a karkace. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata, idanunsa jajur. "Kada ka sa a ranka, ɗan'uwa. Ƙwaya ce. Kai faɗa kawai ka yi." Ya fita cikin ruwa, ya manta da hularsa.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bodil ta tattara faranti, ta wanke, ta kife. Ta zagayo bayan kwalin, inda ba wanda ya taɓa tsayawa sai ni. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan gindin kofin da na kife. Ba ta ɗaga ba.

"Ka ja kunnenka," ta ce.

"Me?"

"Na hagu. Duk ranar da ka yi ƙarya a kan ƙwaya sai ka ja shi. Shekara arba'in, Preben."

To, ku yi dariyarku. Ni da nake karanta fuskar gari guda.

"Viggo ne ya fara ganowa, tun a Tsibirin Gishiri. Ya ce mini, kada ki gaya masa, bar shi. Duk sanda ya ja kunne, ke yake ceto. Kana tsammani Hankaka ta kai yau da wayonta ne? Sau nawa ya kamata ta mutu?"

"Viggo ya sani?"

"Mai walda ne, ba makaho ba." Ta cire yatsanta daga kan kofin. "Yau ne karo na farko da ka ja shi don ka kashe."

Na nemi kujera na zauna. Na ce, "Saƙonnin nan, Bodil..."

"Fitila a ɗaki? Haba, Preben. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana ce mini 'abincin ya yi' a matsayin kalmar soyayya? Na san wanda nake rubuta wa tun daga miyar da ba gishiri."

"To me ya sa kika ci gaba?"

Ta taɓa ɗan kunnenta, ta yi wani murmushi da bai kai ido ba. "Kana ganin don ɗan darma na sa waɗannan? Na sauko da shi ne don ka rasa wurin ɓuya. Na ce yau zai ƙetare gadarsa da ƙafarsa, mu yi masa sallama kamar mutane, sannan kai ka buɗe bakinka ka yi magana da sunanka. Ko 'hmm' ka ce, da na karɓa. Sai ka tura amininka rami."

Ta naɗe Guduma a cikin hankicinta, ta sa a aljihun koriyar rigar. Ta ɗauki hular Aksel, ta sa rigar ruwanta, ta ja zif har wuya.

"Ranar Lahadi bayan coci zan je kabarin Viggo. Zan kira Aksel ya zo. Ka taho da abin da ke ƙarƙashin kofin nan, yadda yake. Ka faɗi lambar a gabansu su biyu. In ka iya, sai mu duba ko akwai abin da ya rage tsakanina da kai. In ba ka iya ba, ka gaishe mini da Signe."

Yau Asabar. Saƙon Bodil bai shigo da safe ba, jiya ma haka. Kofin yana nan a kife inda na bar shi, a tsaye nake cin abinci don kada in girgiza tebur. Signe ta kira sau biyu ban ɗauka ba.

Kuma ga abin da ya sa na ce yarinyar nan ba ta ga komai ba. Bodil ba ta ɗaga kofin ba. Ba wanda ya ga ƙwayar nan a duniya sai ni. Ɗazu na zauna a gabanta, ɗan gwanjon da ke cikina ya fara raɗa mini: yatsa ɗaya ya isa ya juya uku ta koma sha bakwai, ka ce kunnenka ƙaiƙayi ya yi maka, Aksel zai goyi bayanka. Na ce masa a'a, ni ba zan yi haka ba, ko kusa, tunani kawai nake yi.

Sai na ji hannuna a kunnena na hagu.